Mai Jita a Tashar Arlit

Da la'asar a tashar Arlit, wani dattijo yana zaune kan tsohuwar taya, ya haɗa jitarsa da batirin mota. Takalmansa irin na masu haƙar ma'adinai ne, duk sun tsufa. Ina jin a Akokan ya yi aiki kafin a rufe ramin ma'adinan can.

Kiɗan nasa ba na rawa ba ne. Sauti ɗaya yake ja, ya lanƙwasa shi, ya sake shi yana amsa kuwwa, har ka ji ƙasa na juyawa da kai. Idanunsa a rufe, kansa na lilo.

"Wannan sai da ƙwaya," in ji direban da ke kusa da ni. Ya matsa, ya miƙa masa tramol biyu da kofin shayi, wai a ƙara wuta.

Dattijon ya buɗe idanu, farare tas. "Ɗana, yau Alhamis, azumi nake. Wannan kiɗan kuwa, kukan injin iska ne na ƙarƙashin ƙasa nake kwaikwayo. Shekara ashirin ina saurarensa."

Ya ci gaba da kiɗa. Fasinjoji na ta kiran direba, shi kuwa yana tsaye da shayinsa, ya kasa tafiya.