Idon Ƙarfe a Wuyana

Ranar da ɓarayin tasi suka jefo ni daga mota a hanyar Karu, babu waya, babu jaka, takalmi ƙafa ɗaya, Mama ba ta yi kuka ba. Akwatin marigayi Baba ta buɗe, ta ciro wani baƙin ƙarfe da bai fi farcen babban yatsa ba. Siffar ido ce da girarsa, da wani zane da ya gangaro kamar kwalli ya zubo. A Masar Baba ya sayo shi tun kafin a haife ni, wai irinsa mutanen zamanin Fir'auna suke ratayawa don tsari.

Na ce, "Mama, shi Fir'aunan ya hana shi nutsewa ne?"

Ta ce, "Rufe min baki. Allah ke tsarewa, amma ki saka. In kika hau hanya babu shi, ban yafe ba."

Shi ke nan ta ɗaure ni. Ga shi ofishinmu na Wuse akwai na'urar binciken ƙarfe a ƙofa, kullum sai ta tona min asiri gaban jama'a. Mai gadi ya ce, "Hajiya, kai cire wannan juju, oga ba ya so." Ni da hijabina har gwiwa! Haka nake barinsa a durowarsu da safe, in karɓa in an tashi, ina cin rai. A gida kuma Mama sai ta laluba wuyana kafin ta amsa sallamata.

Wata Alhamis aka canza masu gadi. Da aka tashi na je karɓa, aka zazzage durowa, babu shi. Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama, na fita titi ina tsara bayanin da zan yi wa Mama.

Tasi ta tsaya, maza biyu a baya. Direba ya ce, "Karu, mutum ɗaya!" Hannuna ya tafi wuyana da kansa, na ji wayam. Na girgiza kai. Ta biyu mata ne zalla, har da mai goyo. Ita ma na bar ta ta wuce.

Na karanta Ayatul Kursiyyu sau uku. Na san Wanda ke tsarewa, na kuma ji kunyarSa ƙwarai. Tasi ta bakwai ta tsaya, direba yana ta min hon, ƙafata ta ƙi ɗagawa.