Waldar da Na Rufe da Kafet

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Gashua sun san ni, ku kuma samarin da nake wa wannan rubutu, ya ishe ku ku sani cewa ni bakanike ne, ɗan Katuzu, autan gidanmu. Iyayenmu sun rasu ina ƙarami, yayata Zara ce ta riƙe ni, ita ta kai ni gareji a Gashua na koyi aiki. Allah ya ba ni kunne. Mota za ta shigo, tun kafin direba ya kashe ta na san abin da ke damunta. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ina cin abinci sau uku. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zo yana min uzuri da talauci. Ba talauci ba ne, wallahi. Son banza ne.

Da fulogi na fara. Mutum ya ba ni kuɗin sababbi, na wanke tsofaffin da fetur na mayar, na sa kuɗin a aljihu. Ya tayar da mota, ya ji ta lafiya, ya ce Allah ya yi min albarka, ni kuma na buɗe baki na ce amin! Daga nan sai baƙin mai, a sayo lita huɗu in zuba uku. Sai batir, in cire mai kyau in sa wanda ya kusa mutuwa. Ba wanda ya taɓa kama ni, har na fara ganin kaina a matsayin mai wayo, masu motocin kuma wawaye.

Kun san yadda ake sayen tsohuwar mota a wajenmu. Ba wanda zai tashi daga Gashua ya tafi Nguru shi kaɗai. Sai ya ɗauki bakanikensa, ya biya masa kuɗin mota, ya saya masa abinci, abin da bakaniken ya ce kuma shi ne magana. Ni aka fi ɗauka. A haka na san wani dillali, Oga Lawan, mai filin motoci a bakin hanya. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ni ke da mota, kai ke da baki. Me ya sa za mu riƙa wahalar da juna?" Ban ko yi jayayya ba.

Tun daga ranar, kafin mu taso sai in buga masa waya. Ya tayar da injin ya yi zafi, don inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Ya zuba mai mai kauri don ƙarar ta lafa. Ni kuma in na iso sai in yi ta wasan kwaikwayo: in doki taya, in zaro ma'aunin mai in shinshina, in ɗaure fuska. Sai in nemo ƙaramin laifi, ƙwan fitila ko robar goge gilashi, in yi ta faɗa a kai har a rage wa mai saye ɗan wani abu. Shi ke nan, ya yarda ni nasa ne. Daga ƙarshe in ce, "Ko ni ne zan saya." Mutum nawa na jefa da wannan kalma? Ban san iyakarsu ba.

Sale ɗan Yaya Zara ne, shi kaɗai ne namiji a 'ya'yanta. A lokacin ya kai shekara ashirin da bakwai, yana fataucin tattasai, kuma shekarar ta yi masa kyau. Matsalarsa ɗaya, son gudu. Ya ga wata baƙar mota a filin Oga Lawan, gajera, mai silinda shida, irin wadda in an taka ta sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Ya zo ya hana kowa sakat. Uwarsa ba ta so, ta ce akori-kura ya kamata ya saya ya riƙa ɗaukar buhunansa. Da ya matsa, sai ta kira ni ta ce, "Auta, ga ɗanka nan. Ni ban san mota ba. In ka ce e, na yarda. In ka ce a'a, a bar maganar."

Muka isa Nguru da hantsi. Motar tana ƙyalli, injin lafiya lau, wannan karon ma ba sai an ɓoye komai a cikinsa ba. Na aiki Sale ya sayo mana ruwa, na buɗe ƙofa, na ɗaga kafet ɗin da ke ƙarƙashin kujerar direba, don hannuna ya saba. Sai ga walda. Ba ɗigo ɗaya ba, layi ne tun daga wannan ƙofa har waccan, an shafe shi da kwalta. Motoci biyu ne aka yanka aka haɗa, gaban wata da bayan wata. Duk bakaniken da ya san aikinsa ya san irin wannan ba mota ba ce. A hankali za ta yi ta tafiya, amma ranar da ta sha duka da gudu, a wurin ɗinkin za ta rabu.

Na ce wa Oga Lawan, "Kai, ka ji tsoron Allah. Wannan ɗan yayata ne."

Ya yi dariya. "To waɗancan na baya daga sama suka faɗo? Waldar ƙwararru ce, ta fi ta kamfani ƙarfi. Rabonka yau ninki uku ne. In kuma ka ɓata min ciniki, gobe duk Gashua za ta san wanda ya sa suka sayi gawarwakin motoci."

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa barazanarsa ce ta ɗaure ni. Ƙarya nake. Tun da ya ce ninki uku zuciyata ta gama lissafin babur ɗin da zan saya. Na mayar da kafet, na danna shi da tafin hannu, na gyara shi tsaf.

Sale ya dawo da ruwa, yana ta murmushi. Sai ya ɗan sosa ƙeya ya ce, "Kawu, wani abokina ya ce kafin a biya, a hau da ita kan rami a leƙa ƙasanta. Wai akwai mai bugun bodi a bayan tasha, ba nisa."

Ku ji abin da na yi, ku ji rashin mutunci. Na jefar da tsumman hannuna, na ɗaga murya yadda kowa a filin zai ji. "Au, haka ne? Ka ɗauko ni tun daga Gashua don ka kunyata ni a gaban mutane? Shekara ashirin ina wannan aiki, sai yau wani mai bugun gwangwani zai koya min mota? To je ka kira shi, ni na tafi!"

Na san abin da nake taɓawa. Yaron da aka yi wa tarbiyya a gidanmu ba zai iya tsayawa yana musu da ƙanen uwarsa a bainar jama'a ba. Nan take ya durƙusa, ya kama gefen rigata. "Yi haƙuri, Kawu. Wallahi ba haka nake nufi ba. A bar maganar ramin." Tafiyar minti biyar ce tsakaninmu da wannan rami. Da ladabinsa na yi amfani na hana shi zuwa. Aka rubuta takardar ciniki, na sa hannu a matsayin shaida, aka shafa fatiha.

Bayan mako uku, da rana tsaka, yana dawowa daga Nguru shi kaɗai. Shanu suka ratso titi, ya kauce musu da gudu, ya faɗa wani rami a gefen kwalta. Waɗanda suka gani sun ce motar ta buɗe gida biyu kamar an fasa ƙwarya, gaba ya yi gona, baya ya tsaya a hanya. Sale bai mutu ba. Ƙashin bayansa ne ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake ji.

A asibiti kowa ya shigo sai ya ce ƙaddara ce. Har ni ake wa jaje! Har yau in na ji an ce ƙaddara a kan irin wannan, jinina tafasa yake yi. Allah ne ya ƙaddara, na sani, amma hannun wa ya gyara kafet? Shanun ne suka sa hannu a takarda?

'Yan sanda suka duba tarkacen, suka ga lambar da kamfani ya buga a ƙarfen gaba daban, ta baya daban, gaban ma na motar sata ne. Oga Lawan, matsoracin banza, tun ranar hatsarin ya kwashe motocinsa ya ɓace, har yau ban san inda yake ba. Ni aka samu, ga sa hannuna. Da labari ya bazu, mutanen da na cuta a baya suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. A kotu na amsa laifin da na yi musu, don ba yadda zan yi, amma a kan ta Sale na rantse ban ga waldar ba. Aka ɗaure ni shekara uku.

Ba zan ɓata lokacinku da zafin ɗaki da kuɗin cizo ba. Abin da ya fi su ciwo shi ne ƙullin da ke zuwa min duk wata: yaji, ƙuli-ƙuli, wani lokaci busasshen kifi. Yaya Zara ce. Tana jinyar ɗa mai shekara ashirin da bakwai kamar jariri, tana juya shi, tana wanke shi, sannan ta zauna ta daka min yaji, don ta yarda da rantsuwata. Ina ci ina jin kamar in shaƙe kaina. A nan na fara sallar da ba ta ganin ido ba, a nan na san cewa tubata ba ta fara ba muddin wannan ƙarya tana nan.

Da aka sake ni, ban tsaya a Gashua ba, na hau akori-kura zuwa Katuzu. Na samu Sale a gindin bishiyar ƙofar gida, a kan keken guragu, ƙafafunsa sun zama sirara. Muka gaisa. Uwarsa ta fito da kwanon abinci tana hamdala. Sai ya dube ni ya ce, "Kawu, tambaya ɗaya na ajiye maka. Ranar nan, ka gani ko ba ka gani ba?"

Na ce, "Na gani. Na ɗaga kafet na gani, na mayar."

Ya gyaɗa kai kawai, kamar wanda ya daɗe da sani. Yaya Zara ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta ce, "Ci abincinka ka tafi." Ta shige gida. Shekara biyu ke nan, in na gaishe ta tana amsawa, daga nan ba ƙari. Ban ga laifinta ba.

To, samari, ku saurare ni. Ku masu koyon sana'a, fulogin farko shi ne abin gudu, don wanda ya ci shi lafiya ba ya tsayawa. Ku kuma masu zumuɗin mota mai gudu, kada ƙyalli da ƙarar salansa su ruɗe ku. Ku je da sassafe ba tare da sanarwa ba, ku taɓa injin ku ji da sanyi, a tayar da shi a gabanku. Ku ɗaga kafet da hannunku. Ku hau da ita rami, ku shiga ramin da kanku, ku kai ta wurin wanda bai san dillalin ba. Duk bakaniken da ya yi fushi don kun ce a sake dubawa, ko kawunku ne, ko wanda ya haife ku, ku bar shi da fushinsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin ido na biyu.

Yanzu duk Juma'a nakan je Katuzu in duba keken Sale, in sa masa giris, in ɗaure birki. Yana barina in yi. In na gama, sai ya aika a kira mai facin kekuna na bakin kasuwa, ya sake bin kowane noti a gabana, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ina kallo. Sai mutumin ya ce lafiya, sannan Sale yake yarda a ɗora shi a kai. Ku ma haka za ku yi.