Baba Faci da Tayar da Ba Ta Shan Iska

Shekara talatin da ɗaya Baba Faci ya yi a rumfa guda, a bakin hanyar da ta fita zuwa gonaki. Rumfar kwano ce mai benci ɗaya, da injin ba da iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, da rabin duro cike da baƙin ruwa inda ake tsoma tub a gane wurin da ya huje. Shi kam bai cika tsomawa ba. Sai ya kara tub ɗin a kunne, ya juya shi sannu a hankali, ya ɗora yatsa ya ce, "Ga ta nan." A wajen kawunsa ya koyi sana'ar, tun ana facin kekuna kaɗai, shi ya ƙara da babura da motoci har ya kai ga taraktoci. Daga kan wannan benci ya rene 'ya'ya mata uku.

Abu ɗaya ne ke sosa masa rai: ya ga tayar da ya gyara jiya ta dawo yau. Wasu masu facin murna suke yi, shi kuwa ji yake kamar an zage shi a gaban jama'a.

Wanda ya fi kowa jawo masa wannan zagin shi ne Dogo, ƙanin matarsa, direban tarakta. A shekarar an ba Dogo aikin huɗar wani sabon fili da aka sassabe, ƙaya da kututture ko'ina. Tayoyin baya masu kauri ne, ko a jikinsu. Na gaba kuwa ƙanana ne, ƙaya ɗaya ta ishe su. Kusan kullum sai an hango Dogo yana garo taya a kan hanya, gumi sharkaf.

"Yaya, ga mutuniyarka ta dawo gaishe ka."

Ranar nan Baba Faci ya zaro tub ɗin ya ƙirga. Faci ashirin da bakwai, wani a kan wani.

"Dogo, ai babu sauran tub a nan. Facina ne kawai ke riƙe da juna."

'Yarsa ta tsakiya tana aiki a shagon kayan injinan noma a cikin birni. Da ta zo ganin gida ta ji yana ƙorafi, sai ta ciro waya ta nuna masa wani bidiyo. Wani mutum ne ke ɗura ruwa mai kauri a cikin taya ta wajen bawul. Ta ce ruwa iri biyu ne ake haɗawa, kumfa ake ce masa, idan ya kwana sai ya daskare ya zama kamar roba mai laushi, ya cika cikin tayar tam.

"To iskar fa?"

"Babu iska, Baba. Me ƙayar za ta fasa?"

Sau bakwai ya kalla. Ya ture kwanon abinci, ya miƙe yana zagaya tsakar gida, yana magana shi kaɗai. Matarsa ta ce rabonta da ganinsa haka tun ranar da aka haifi 'yarsu ta fari. Bayan mako biyu 'yar ta aiko da jarka biyu da ƙaramin famfo.

Da tayar baro ya fara gwaji. Ya ɗauko bahon wankin matarsa ya dama haɗin a ciki, ya shiga bugawa. Ɗoki ya sa ya manta ba a huda saman tayar ba, inda iska za ta fita. Tiyo ya fincike, kumfar ta watsu masa a gemu. Kafin a samo abin gogewa ta kama. Da almakashi matarsa ta rage masa gemun, tana yi tana cije leɓe.

"Malam, ko kai ma yanzu ƙaya ba ta huda ka?"

"Yi dariyarki. Amma taɓa ki ji yadda ta yi ƙarfi. Taɓa mana."

Yana riƙe da guntun gemunsa da ya daskare, yana matsa shi da yatsa, fuskarsa fal murna. Bahon dai bai sake wanki ba.

Gwaji na biyu ya yi kyau, sai ya aika a kira Dogo. Da Dogo ya zo, aka gaya masa cewa idan kumfar ta daskare, sai dai a yanka tayar kafin a raba ta da wili.

"Yaya, in ta lalace mai tarakta zai cire min kunne."

"In ta lalace ka turo shi wajena. Kunnena ya fi naka girma."

Suka kwantar da tayoyin gaban taraktar guda biyu a kan katako. Baba Faci ya huda kowacce da siririn ƙarfe, ya haɗa tiyo, ya ɗaure shi da waya har zagaye uku. Dogo na bugawa, shi yana durƙushe yana kallon hujin. Iska ta yi ta fita da ɗan fito, can sai ga ɗigon kumfa ya leƙo. Ya toshe da ƙusa mai zare, ya ƙara bugu kaɗan don tayar ta yi tauri, ya ja su inuwa. Wuni da kwana aka ce a bari. Duk wanda ya zo rumfar ranar sai an kai shi ya gan su, amma ba a yarda ya taɓa ba.

Washegari da hantsi mutane sun taru, har da mai walda na rumfar gefe da ya rantse abin ba zai yi ba. Baba Faci ya ɗauko ƙusa inci huɗu ya miƙa masa da guduma.

"Kai za ka buga."

Mai walda ya buga har kai. Aka yi tsit ana jiran huci. Shiru. Ya zare ƙusar da fincis, tayar tana nan tsaye ƙyam. Wani ya ce a ƙara, aka ƙara uku. Baba Faci ya rasa inda zai sa kansa, sai ya bi mutane yana gaisawa da kowa, har da waɗanda ya riga ya gaisa da su.

Mutum biyu suka ɗaga kowace taya, don ta yi nauyi ƙwarai. Dogo ya gama filin nan cikin kwana tara bai garo komai ba. Ya dai yi ƙorafin cewa taraktar ta ƙara jijjiga, ƙugunsa na ba shi labari. Amma nauyin ya hana gaban ɗagawa idan ya ɗauki garma, wannan kuma ya ji daɗinsa. Kafin damina ta yi nisa direbobi biyar sun kawo nasu. Masu babura ma suka zo, Baba Faci ya mayar da su, ya ce abin na mai tafiyar hawainiya ne, gudu zafi yake sa shi.

Ranar ƙarshe ta aikin, Dogo ya ɗauke shi ya kai shi filin ya gani da idonsa. Da suka isa sai ya sauka ya nuna masa kujera.

"Hau, Yaya."

"Ni? Ban taɓa riƙe sitiyari ba."

"To yau ka riƙe."

Ya hau yana bismilla. Dogo ya sa masa giya ta ɗaya ya ja baya. Taraktar ta zabura, hularsa ta faɗi, bai ko waiwaya ba. Ya hango tarin ƙayar da aka share gefen gona, ya karya sitiyari ya nufe shi kai tsaye. Ya bi ta kai, ya zagayo, ya sake bi, yana ƙyaƙyata dariya. A zagaye na uku ne ya tuna bai tambayi inda birki yake ba. Dogo ya biyo shi a guje cikin kunyoyi, hular a hannu, yana nuna masa ya taka da ƙafar dama.