Ranar da Kakata Ta Sa Rigar Sarauta

A gidanmu na Kalgo ba a hura wutar hira daban, wutar bandar kifi ita ce wutar tatsuniyarmu. Da an idar da sallar lisha sai mu yara mu kewaye ta, hayaƙi na cin idanunmu, ƙarnin tarwaɗa na kama zannuwanmu. Kakata takan zauna a kan turmin da aka kwantar tana juya kifi da tsinke. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta kirana sai da Takwara, kuma ba ta gajiya da cewa an yi asarar suna, tunda ni ko kukan akuya ban iya kwaikwaya ba.

Ita kam ta iya. A Gwandu ta tashi, cikin gidan wani mai sarauta, inda mata ke yin wasan gauta bayan an kawar da amfanin gona. Wasa ne da matan gida ke tsarawa da kansu. Wannan ta zama maigidan, waccan ta zama alƙali, wata dogari, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da irin shari'ar da suke yankewa, shi kuwa maigidan yana zaune yana kallon kansa. Shi ke ba da aron rigarsa da rawaninsa, kuma duk abin da aka faɗa cikin rigar nan ba a kama mutum da shi. Kakata ce ke sa rigar tun tana budurwa, har aure ya kawo ta Kalgo. Idan ta ga dama takan naɗa zane a ka, ta turo ciki, ta yi mana gyaran murya irin ta manya, mu yi ta dariya har innata ta leƙo ta ce mu bar maƙwabta su huta.

Shekarar da Nasara ke yaƙi da 'yan'uwansu can gabas aka zo neman 'yan dako. Cikin waɗanda aka tara har da babana, Mamman. Shi kaɗai ya rage wa kakata cikin duk 'ya'yan da ta haifa, ga shi da tarin da ya samo a ruwa, wanda ko komar kamun kifi ya ja sai ya zauna ya huta. Kowa ya san mai irin wannan ƙirjin ba zai kai kaya inda za a kai su ba. Washegari kakata ta ɓace daga gida. Da ta dawo bayan 'yan kwanaki ƙafafunta a kumbure suke, ba ta ce da kowa komai ba. Innata kuwa ta daina cin tuwo a ƙwarya ɗaya da ita.

Tun daga nan hirarmu ta sauya. Muna jiran babana, kowace inuwa ta gitta a bakin zaure sai in leƙa, ita kuma labari guda ta kama. Ban san nata ba ne sai daga baya.

"Ga wata nan tahe," in ji ta, "ku gyara mata wuri."

Mu ce mun gyara, ta shigo.

Wai wata tsohuwa ce mai ɗa guda, aka kama shi za a kai shi dako. Ta taka a ƙasa har gidan mai sarautar da ta yi wa wasa a ƙuruciyarta, inda aka tsare mutanen a ƙofar gida kafin a tashi. Ta nemi ganinsa, fadawa suka hana. Ta kwana a bakin katanga, ta sake roƙo, aka kore ta. Sai ta zagaya wurin matan gida, ta tarar suna shirin wasa. Ta durƙusa ta ce su ba ta rigar, ko sau ɗaya. Tsofaffin cikinsu suka gane ta, suka ba ta.

Aka shimfiɗa tabarmi, matan gari da na garuruwan kewaye suka cika tsakar gida, cikinsu har da waɗanda aka tafi da nasu da waɗanda aka bar musu nasu. Tsohuwa ta fito da riga tana jan ƙasa. Ta yi tafiyarsa, ta yi hammarsa, ta yi yadda yake sosa gemu idan ba ya son jin magana. Ta sa aka kawo mata wata yarinya mai tari ɗauke da tulu, ta ce a ƙara mata wani tulun a kai. Mai sarauta ya yi dariya har da hawaye, ya ce a ba ta goro.

"Dariyar nan, Takwara," kakata kan ce, "ita ta kashe mata jiki. Ta zo shi ji kunya, shi ko daɗi yaj ji."

Da ta ga wasa zai ƙare a banza, sai ta tsaya cak. Ta dubi dogarin gaske da ke bakin ƙofa, ba ta wasan ba, ta yi magana da muryar maigidansa: a je ƙofar gida a kwance mata ɗan dakon nan mai tari, a sake shi ya koma gida. Dogari ya dubi wadda ke sanye da rigar, ya dubi mai rigar.

Mai sarauta ya daina dariya. Kakata ta ce ba fushi ke fuskarsa ba, gajiya ce. Can ya ce, "Ranka shi daɗe, na ji umurni, kuma za a bi. Amma Nasara ba suna yab biɗa ba, yawan kawuna yab biɗa. In an cire guda sai an sa guda, in ba haka ba ni za a ɗaure. Tunda kai as sarki yau, hwaɗi ɗan wa za shi tahi madadinai."

A nan kakata ke tsayawa kullum. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, ɗan wa?" Mu kuwa da yarinta sai mu yi ta jefa sunaye, wannan ya ce kuturun bakin kasuwa, waccan ta ce wanda ya dake ta jiya. Ba ta dariya. Sai ta ce tsohuwa ta dubi matan da ke zaune, ta ga kowace ta sunkuyar da kai kada a tuna da ita. Ta kwance rawani, ta tuɓe riga, ta ninke, ta ajiye a gabansa, ta fita.

Wani dare da ta kawo nan, sai muryar innata ta fito daga bakin ɗaki. Ban taɓa jin ta ɗaga wa surukarta murya ba sai ran nan.

"Suna guda anka ce ki hwaɗi, Inna. Guda."

Kakata ta juya kifin da bai nemi juyi ba. Ni kuwa na gane wace ce tsohuwar, na gane wane ne mai tarin, kuma na tsane ta a daren nan, tsana irin ta yaro wadda ke hana barci.

Da damina ta kewayo wasu cikin 'yan dakon suka dawo. Babana ba ya ciki. Wani ya ce sun bar shi a gindin wata bishiya da gorar ruwa, yana da sauran rai.

Na yi shekaru ina ganin tsoro ne ya kama kakata. Sai da na haifi nawa, na ga yadda zuciyata ke iya sayar da ɗan kowa don ɗana, sannan na soma fahimtar abin da ta ɗauka. Wasan yana iya nuna wa mai mulki fuskarsa, yana iya sa shi jin abin da fadawa suka ɓoye masa. Ran nan mai sarautar ne ya juya wasan, ya bar ta ta ji nauyin rigar da gaske. Har yau ban san ko daidai ta yi ba. Innata ta mutu ba ta yarda ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da tsufa ya kwantar da kakata, wata safiya ina ba ta kunu na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce, Kaka, da kika dubi matan nan, babu sunan da ya zo miki ko kaɗan?

Ta ture ludayin.

"Ya zo, Takwara. Har bakin haƙorana yaz zo. Mai sunan, shi na yag gaishe mu ɗazu da zai tahi ruwa, shi da ɗiyanai. Kullum sai ya tsaya ya tambayi ƙahwata."