Inna Ta Kira, Na Kashe Waya

Shekara goma sha biyu ke nan, a wannan damina, da muka kai mahaifiyarmu makwancinta a Rawayau. Sunanta Rakiya, amma ni da ƙanwata Zulai ba mu san ta da wani suna ba sai Inna. Kowace shekara idan gero ya fara fitar da kai nakan sa a toya waina a raba sadaka, a yi mata addu'a, sannan in koma bakin shagona na hatsi a kasuwar Dutsin-Ma kamar ba abin da ke damuna. Bana na ga ya kamata in yi magana, domin abin da nake ɗauke da shi ya fi ƙarfin sadakar waina.

Mu biyu Allah ya bar wa Inna cikin 'ya'yan da ta haifa, kuma na girmi Zulai da shekara goma sha uku. Tana goye mahaifinmu ya rasu. Da awaki da tumaki Inna ta riƙe mu. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma idan akuyar wani ta ƙi cin abinci a unguwarmu, gidanmu ake jawo ta. Sai Inna ta durƙusa, ta buɗe mata fatar ido, ta danna dasashi, ta shafa ciki, ta faɗi abin da ke damun ta. Zulai tun tana 'yar mitsitsiya ita ke riƙe mata ƙafar dabba. Ni na bar makaranta da wuri na kama kasuwa, ita kuwa ta yi ta ci gaba har ta gama sakandare da sakamakon da malamanta suka riƙa nuna wa juna. Jami'a ta ba ta gurbin karatun likitancin dabbobi. Karatu ne na shekaru masu yawa, kuma ƙarfinmu bai kai ba.

Ana cikin haka wani malaminta ya kawo mata fam na wani kamfanin sarrafa madara da ke ɗaukar nauyin karatun ɗalibai. Ta cike, ta yi jarrabawa, ta ci. Saura intabiyu, wato a zaunar da ɗalibi gaban manyan kamfanin su yi masa tambayoyi baki da baki. An sa za a yi a ɗakin taron wani otal a nan Dutsin-Ma, kuma takardar ta faɗa ƙarara cewa wanda aka kira sunansa ba ya nan, shi ke nan.

A makon Inna tana fama da ciwon ƙirji. Mun kai ta asibiti a Kurfi, an ba ta magani, ta ɗan ji sauƙi har tana zama a tsakar gida. Ƙanwar mahaifinmu, Goggo Hajara, ita ke jinyar ta. Zulai ta so ta fasa zuwa, Inna ta ce ta tashi ta tafi, ai kwana ɗaya ne. Haka na ɗauko ta a babur ta kwana a gidana.

Da safe muka tarar da harabar otal cike da ɗalibai da iyayensu. Wasu yaran sun sha kwat, suna ta zuba Turanci a tsakaninsu. Zulai ta dubi takalminta na roba da laka ta ɓata, ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya, anya kuwa?" Na ce ta bar kallon ƙafar mutane, kai aka zo gwadawa. Aka raba musu lambobi, tata ta faɗo can wajen ƙarshe. Aka ce ba a shiga da waya, sai ta miƙo mini tata na sa a aljihu. Suka shige ciki, mu 'yan rakiya muka zauna a gindin bishiyar darbejiya.

Wajen ƙarfe goma wayar Zulai ta yi ƙara. Goggo Hajara ce. Ta ce jikin Inna ya rikice tun bayan karin kumallo, numfashi yana yi mata wuya, kuma ba abin da take faɗa sai a kira Zulai. Na ce ana cikin intabiyu, da an gama za mu taho. Bayan kamar rabin awa ta sake kira. Wannan karon ba ta tsaya yi mini bayani ba, sai ta kara wayar a bakin Inna. Na ji numfashinta kafin in ji muryarta. Ta ce, "Sa'idu, kawo man Zulai."

Na ce, "To, Inna. Ga mu nan."

Sai na kashe wayar Zulai, na kashe tawa, na koma na zauna.

Daga Dutsin-Ma zuwa ƙofar gidanmu awa ɗaya ce a babur, ko da damina. Na san haka sarai. Ba zan ce ban gane nauyin abin ba, domin duk wanda ya ji wannan numfashi ya san abin da yake nufi. Abin da na riƙa gaya wa kaina shi ne, idan Inna za ta tashi, to za ta tashi ko mun je ko ba mu je ba, idan kuma lokaci ya yi, zuwan Zulai ba zai ƙara mata minti ɗaya ba, sai dai a yi biyu babu. Har karin magana na nemo na jingina da ita, wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na mai da kaina babba a kan maganar da babbar gaske ta riga ta yanke.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Kafin azahar na ga wani dattijo ya je wurin ma'aikacin da ke tsaron ƙofa, ya ce su daga nesa suke, hanyarsu kuma ba ta biyuwa da yamma. Ma'aikacin ya shiga ya fito, nan take aka kira yaron dattijon ya shiga gaban na gabansa. Ashe roƙo kawai ake yi. Na miƙe zan je, sai na tuna cewa idan aka matso da Zulai za ta tambayi dalili, idan kuma ta ji dalili ba za ta iya buɗe baki a gaban mutanen nan ba. Na koma na zauna karo na biyu.

Da aka ba su hutun salla ta fito tana neman buta. Ta ce, "Yaya, an kira daga gida?" Na ce an kira, da sauƙi. Ta ce alhamdu lillahi, ta yi alwala ta koma. Daga baya na gane cewa a daidai wannan lokaci Inna ta cika.

Bayan ƙarfe biyu aka kira Zulai. Ta fito fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka, kuma tun daga ƙofar otal har muka bar kwalta labarin take ba ni a bayan babur. Mutum huɗu ne a tebur, maza uku da mace ɗaya. Sun tambaye ta sunanta da garinsu, ta amsa. Da suka tambaye ta abin da ya sa take son likitancin dabbobi, sai Turancin da ta kwana tana haddacewa ya gudu ya bar ta. Har ɗaya daga cikinsu ya fara duba agogo. Sai ta yi ƙarfin hali ta ce ko za a yarda ta amsa da Hausa. Matar ta ce ta amsa, ita za ta fassara wa sauran. Zulai ta ba su labarin Inna, yadda take duba fatar idon akuya, idan ta ga ta yi fari ta san jini ya yi ƙasa, tsutsar ciki ce. Ta ce tana son ta san sunan abin da mahaifiyarta ke gani da ido, da maganin da ya wuce jiƙo. Wani daga cikinsu, wanda ashe likitan dabbobi ne, ya ajiye biro ya ce abin da suke koya wa ɗalibai ke nan a jami'a, wa ya koya wa tsohuwar? Suka yi dariya gaba ɗaya, matar ta ce idan ta koma ta gaishe musu da Inna.

"Sai na faɗa mata wannan da bakina," in ji Zulai. "Za ta ce ƙarya nike."

Da muka karyo kwanar unguwarmu muka hango tabarmi a ƙofar gida da mutane zaune, sai na ji ta daina magana. An riga an yi wanka an sa likkafani, mu kaɗai ake jira. Aka buɗe mata fuskar ta gani, aka rufe, muka ɗauka.

Da a nan laifina ya tsaya, da wataƙila ban rubuta wannan ba. Washegari Zulai ta ƙi ci ta ƙi sha, tana cewa ta bar uwarta ta mutu ta tafi neman boko. Na ja Goggo Hajara gefe na roƙe ta don Allah ta rufe bakinta. Ta dube ni ta ce, "Kai da Allah." Sannan na je na ce wa Zulai Inna da kanta ta ce kada a taso ta, a bar ta ta gama abin da ta je yi. Na sa wa mamaciya maganar da ba ta faɗa ba. Zulai ta share hawaye, ta karɓi kunu. Bayan mako uku takarda ta zo, an ɗauke ta.

Wannan magana ta zama sandar da ta dogara da ita shekara da shekaru. Idan karatu ya yi zafi ita take tunawa. Ranar da ta gama ta faɗe ta a gaban ƙawayenta, mata suna share ido. Maganar ta shiga dangi, har na ji ana ba yara labarin a matsayin misalin uwa ta gari. Duk lokacin da na ji, sai in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka kewa ce. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa ya yi zurfi har Goggo Hajara ta rasu ba ta tona ba, aka bar ni ni kaɗai a ciki.

Nakan tambayi kaina abin da Inna za ta ce da ta ga yau. Za ta ga Zulai cikin farar riga a karar shanu, Fulani suna kiran ta likita, suna jiran ta buɗe baki. Wannan zai yi mata daɗi, ban yi shakka ba. Za ta kuma ga hanyar da muka bi ran nan ta zama wadda ba a son bi da yamma, garkunan da ta sani da yawa sun watse, gidajen maƙwabta wasu sun dawo gari. A watan jiya 'yata Ummi, mai sunan Inna, ta yi irin wannan intabiyu ta neman tallafin karatu. A ɗakin uwarta ta zauna, ta jingina waya da kwanon sha, suna ganin ta tana ganin su, cikin minti ashirin aka gama. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Da a wannan zamani ne, da Zulai ta amsa tambayoyinta tana zaune a gefen gadon Inna. Amma wannan ma neman mafaka ne. Ba rashin na'ura ya hana ta ganin uwarta ba, ni ne.

A makon da ya wuce na je gidan Zulai bayan la'asar, na faɗa mata komai, tun daga kiran farko har roƙon da na yi wa Goggo. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Yaya, da ka faɗa man, ban san ko zan tafi ko zan tsaya ba. Amma ni ya kamata in zaɓa." Na ce haka ne. Ta ce shekara goma sha biyu tana gode wa Inna a kan abin da ba ta ce ba, yanzu sai ta koyi zama da abin da ta ce. Da na tashi tafiya ta raka ni har zaure, ta ce, "Nawa na yafe maka. Na Inna kuma ba a hannuna yake ba." Ita ce ta ce in rubuta, don a daina ba yara labarin da ba haka ya faru ba.

Awakin Inna sun ƙare tuntuni, ɗakinta ma ruwa ya ci. Abin da ya rage nata hali ne. Ba ta taɓa kai dabba kasuwa ba tare da ta faɗa wa mai saye aibinta ba, ko da zai fasa. Dillalai har haushin ta suke ji. Na ga wannan hali a wurin Zulai: idan saniya ba za ta tashi ba, takan dubi mai ita ta ce ya yanka tun da sauran rai, kada ya ɓata kuɗinsa a allura. Ni da na fi ta daɗewa a gaban Inna, ranar da aka gwada ni ban ɗauko ko kaɗan ba, na yi wa uwa ƙarya da safe, na yi wa 'yarta da rana.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Rakiya ta Rawayau a addu'a, Allah ya jiƙan ta, ya haskaka kabarinta. Idan da sauran wuri a addu'ar, ya sa ni ma. Maganar ƙarshe da ta ji daga bakina alkawari ce, kuma ta rasu tana jiran in cika.