Mazon da Ya Faɗi Nan Take

Har yau in na ji warin albarushi, ko na wasan wutar da yara ke yi ne a layinmu na Agege, sai gabana ya faɗi.

Kakana maharbi ne tun yana Arewa. Da tsufa ya kama shi, babana ya dawo da shi Legas wurinmu, amma daji bai fita ransa ba. Lokacin sojoji ba su daɗe da sauka daga mulki ba, gari ba daɗi, Bahaushe bai isa ya ratsa titi da bindiga ba. Don haka bindigarsa adaka tana ajiye a bukkar wani abokinsa Bayarabe mai gonar rogo, can bayan gari. Ni nake raka shi.

A cikin motar haya ta danfo yake karanta mini halin mazo, wannan dabbar kurmi mai kama da barewa, ja da ɗigon fari. In harbi ya sami zuciya, sai ya daka tsalle ya shuri iska da ƙafafun baya, ya ruga, amma ba ya nisa. In huhu ne, za ka ga jini da kumfa a kan ganye. In tumbi ne, sai ya ƙudundune ya tafi a hankali, a ƙyale shi ya kwanta tukuna. Aikina ni wuƙa ce. Gwiwoyin kaka sun gaji, kuma ba ya cin naman da ba a yanka ba. Dabba na faɗuwa, in ruga kafin rai ya fita.

Wata safiya da damina, raɓa ta jiƙa mu sharkaf, wani ƙaton namijin mazo ya fito cin ganyen rogo. Kaka ya yi bismilla ya harba. Mazon bai yi tsalle ba, bai ƙudundune ba, ya zube kamar buhun masara. Na ruga, na kama ƙaho, na danne wuyansa da gwiwa. Sai na ga ba jini. Wata 'yar ƙujewa ce kawai a saman gadon baya. Idonsa kuwa yana kallona, yana ƙiftawa.

"Kai, sake shi!" in ji kaka, da wata murya da ban san shi da ita ba. "Suma ya yi!"

Mazon ya miƙe da ni. Na ji ƙahon ya shige cinyata, sai ga ni a ƙasa, hucinsa a fuskata. Adaka harbi ɗaya take yi. Kaka ya yar da ita ya taho hannu sake yana ihu, sannan dabbar ta juya ta faɗa kurmi.

Kaka ya yage rigarsa ya ɗaure cinyar, ya goya ni ya nufi titi. "Yi ta magana, ɗan nan," yake cewa. "Kada ka yi mini shiru."

Sai a asibiti ya ce, "Harbin da ya shafi saman ƙashin baya sumarwa kawai yake yi. Shi ne ban gaya maka ba." Bai ƙara komawa ya ɗauki bindigar ba.

Yanzu gonar rogon ta zama gidajen bulo. Ina sana'ar raguna a kasuwar Alaba Rago, ina ɗan ɗingishi, 'ya'yana ko sunan mazo ba su sani ba. Zafin ƙahon na manta shi tuni. Abin da ya ƙi barina shi ne yadda bayan tsohon nan ke rawa a ƙirjina, duk tsawon hanyar da ya goya ni.