Jelar Gashin Shagufta

A barandar wani asibiti a Multan, ga dattijo tsugune, gemu ja da lalle, hannuwa sun rine da shuni; da gani marini ne. Ba ya kallon ƙofar ɗakin tiyata. Jelar gashi yake naɗewa a yatsa yana warwarewa. Na matsa kusa da shi.

"Baba, na waye?"

"Na jikata Shagufta. Ƙari ake cire mata a ƙwaƙwalwa, shi ya sa aka aske ta. Ta daɗe tana amai tana tangaɗi, mai maganin unguwarmu yana ta cewa zafin mangwaro ne."

"Binnewa za ka yi?"

Murmushinsa ba na alheri ba ne.

"A ƙofar shagonsa zan rataye shi, ɗana. Duk uwar da ta zo sai ta tambaya. Ni kuwa ina gefe, in ba ta amsa."